Awon Lafiya: Shiri Daga Gida Yake Farawa

Manomi ba ya jira sai rumbu ya rushe kafin ya duba gindinsa. Tun kaka ba ta yi ba yakan zaga ya ga ko gara ta shiga, ko ɓera ya yi rami. Mai babur ma haka, yakan kai shi wurin makanike a juye baƙin mai, ko da yana tashi bugu ɗaya. Amma jikin nan namu, wanda shi ne ke noman, shi ne kuma ke hawan babur ɗin, ba mu cika kai shi asibiti ba sai ya kwantar da mu. Sa'an nan a ɗauke mu ranga-ranga, a sayar da akuya, a ci bashi, wani lokaci kuma likita ya ce an makara.

Awon lafiya shi ne mutum ya tafi asibiti da ƙafarsa, ba ciwon kome yake ji ba, domin a duba shi. Wasunmu sun fara yin haka, abin kuwa ya yi kyau. Sai dai akwai abin da ya kamata mu sani. Na'urar asibiti ba ta san gaibu ba, abin da muka kai mata shi take karantawa. Wanda ya sha koko da sukari sa'an nan ya miƙa hannu a auna masa suga, ko wanda ya ɓoye wa likita jiƙon da yake sha, ya biya kuɗi ya sayi amsar da ba tasa ba. Domin haka rabin aikin awo a gida ake yinsa, tun ba a kama hanya ba.

Cututtukan da ba su yin sallama

Zazzaɓi yana da kirki ta wani gefe, gama in ya zo yakan sanar da kansa. Akwai waɗansu cututtuka kuwa da sukan shekara goma a jikin mutum yana ci yana sha, yana zuwa gona, ba ya jin kome.

Babbansu shi ne hawan jini. A rahoton da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2023, ta ce cikin manya uku a duniya ɗaya yana da shi, kuma kusan rabin masu shi ba su san suna da shi ba. A hankali yake cin jijiyoyin jini, da zuciya, da ƙoda, da ido. Sau da yawa alamarsa ta fari ita ce shanyewar ɓarin jiki. Duk mun san gidan da maigida ya tashi lafiya da safe, kafin azahar baki ya karkace, hannu da ƙafa sun daina motsi. Daga ranar nan karatun yara ya tsaya, uwargida ta bar sana'a ta koma jinya. Awon da zai tona wannan ciwo bai kai minti biyar ba.

Na biyu ciwon suga ne. Kafin ƙishirwa da yawan fitsari da rama su bayyana, mai yiwuwa ya riga ya daɗe yana ɓarna. Na uku ciwon hanta ne, irin wanda likitoci suke kira nau'in B. Binciken da aka yi gida gida a Nijeriya a 2018 ya nuna wajen mutum 8 cikin 100, daga shekara 15 zuwa 64, suna ɗauke da ƙwayarsa. Na huɗu hawan jinin ido, wanda yake cin gani daga gefe gefe ba zafi, abin da ya ci kuwa ba ya dawowa.

Wani zai ce, "Gara ban sani ba, in na sani tunani ne zai kashe ni." Wani kuma yana ganin zuwa awo rashin bangaskiya ne. To, rufe ido ba ya hana maciji zama a ɗaki. Luka wanda ya rubuta Bishara likita ne, kuma mai addu'a a kan gonarsa bai fasa yin noma ba. Dukan cututtukan nan huɗu ana iya tare su in an gano da wuri, mutum ya ci gaba da hidimarsa har tsufa.

Mako guda kafin ranar

Abu na fari, mu je mu tambaya, ko mu aiki wani. Wace rana ake awo? Ƙarfe nawa ake buɗe wurin yankan kati? Wane gwaji ne yake bukatar a zo ba a ci abinci ba? Nawa ne kuɗin kowanne? Matambayi ba ya ɓata. Wanda yake da katin inshorar lafiya, ko na hukumar tarayya da aka sabunta dokarta a 2022, ko na jiharsa, ya tambaya wane gwaji ne katin ya ɗauka, wanne ne kuma zai biya daga aljihunsa. In kuɗi bai isa a yi duka ba, kada a fasa. A gaya wa likita, shi zai zaɓi abin da ya fi gaggawa. Awon hawan jini, da na suga, da na fitsari su ne mafi araha, su ne kuwa suka fi tona asiri.

Abu na biyu, mu tattara takardu. Tsohon katin asibiti, sakamakon gwajin bara, hoton ƙirji na dā, katin awon ciki, katin rigakafin yara, duk a sa su cikin leda ɗaya. Likita yana so ya gwada jiya da yau. Lamba guda ita kaɗai ba ta faɗin kome sosai, amma in ya ga bara kaza ce, bana ta hau, ya san inda aka dosa.

Abu na uku, mu zauna da tsofaffin gida mu yi tambaya. Me ya kashe kaka? Akwai wanda ɓarin jikinsa ya shanye a dangi? Akwai mai suga, ko wanda ya makance, ko wanda cikinsa ya kumbura idonsa ya yi rawaya? Akwai yaran da suka yi ta ciwon ƙashi suna rasuwa tun suna ƙanana? Akwai wadda ta yi ciwon daji a nono? A wurinmu ba a son tone-tonen mutuwa, akan ce "ya yi gajeruwar rashin lafiya" a rufe zancen. Amma yawancin waɗannan cututtuka suna bin jini, likita kuwa zai tambaya. Sai a durƙusa a ce, "Baba, ba don tada maka hankali ba ne, likita ne yake so ya sani domin lafiyar jikokinka."

Abu na huɗu, mu tara duk abin da muke sha da sunan magani, mu tafi da shi cikin kwalinsa. Cewa "wani fari ne ƙarami" ba ta taimaki kowa ba, gama fararen ƙwayoyi ƙanana sun fi ɗari. A haɗa da na kemis, da na mai talla a tasha, da jiƙo, da sassaƙe, da garin da maƙwabciya ta bayar, da maganin ƙarfin maza, da na tsarin iyali. Magungunan ciwon jiki irin su ibuprofen da diclofenac, waɗanda manoma da masu aikin ƙarfi suke sha kamar gyaɗa, suna iya ɗaga jini, su kuma taɓa ƙoda da ciki. Waɗansu jiƙe-jiƙe suna wahalar da hanta. In likita bai san muna sha ba, zai yi ta neman dalili a inda babu shi.

Abu na biyar, mu rubuta damuwarmu a takarda. Mutum yakan shiga ɗakin likita da tambaya biyar, da ya ga farar riga sai duk su gudu. Wanda bai iya rubutu ba ya sa ɗansa ɗan makaranta ya rubuta masa: me yake ji, tun yaushe, me yake tada shi, me yake kwantar da shi.

Daren jajibere da safiyar ranar

In an ce a zo ba a karya ba, ana nufin aƙalla awa 8 ba abin da ya shiga ciki sai ruwa. Wanda ya ci tuwo da ƙarfe 9 na dare, in ya isa asibiti da ƙarfe 7 na safe ya cika sharaɗi. Gwajin kitsen jini wani lokaci akan nemi a kai awa 12, sai a tambaya. Ba shayi, ba koko, ba kunu, ba goro, ba alewa, ko da ɗan kurɓi ne. Ruwa zalla kuwa a sha, yana ma sa jijiya ta fito a ɗebi jini ba wahala. Giya da burukutu a bar su tun kwana ɗaya ko biyu kafin ranar.

Mu malaman makaranta mun san yaron da yakan kwana yana haddace amsa daren jarrabawa, ya ci, bayan mako guda ya manta. Akwai manya masu yi wa awo haka. Mako guda kafin ranar sai su bar sukari da gishiri, su yi ta shan shuwaka domin lamba ta yi kyau. Wa aka ruɗa? Mu ci abin da muka saba ci, domin a ga jikinmu yadda yake kullum. Akwai ma wani gwajin suga, ana ce da shi HbA1c, wanda yake nuna yadda suga ya kasance cikin wata biyu zuwa uku da suka wuce, ba ya kuwa bukatar a zo da yunwa. Sai dai mai sikila ya faɗa tun da wuri, gama gwajin nan ba ya ba da amsa daidai a irin jininsa.

Mai shan maganin hawan jini galibi akan ce ya sha abinsa da ruwa yadda ya saba. Mai shan maganin suga kuwa, ko mai yin allurar insulin, lalle ya tambaya tukuna, domin shan maganin ba abinci yana iya sa suga ya faɗi ƙasa har mutum ya suma a layi. Kowa ya ƙunsa ɗan abin karyawa a jaka, da an ɗebi jini sai ya ci.

A sa tufa mai sauƙi, wadda hannunta zai naɗu har kafaɗa. Sarƙa da rigar da ke da ƙarfe za a ce a cire su in za a ɗauki hoton ƙirji, gara a bar su a gida. A yi sammako, gama layin asibitin gwamnati ba ya jiran kowa. Tsoho ko tsohuwa kada su tafi su kaɗai, a haɗa su da wanda zai riƙe kati, ya bi layin biyan kuɗi, ya adana rasit, ya kuma ji abin da likita ya faɗa.

A gaban ma'auni

Awon hawan jini yana da ladabinsa. Minti 30 kafin a yi shi, ba goro, ba kofi, ba taba ko ta sha ko ta shaƙa. A zaga bayan gida tukuna, gama cikakkiyar mafitsara tana ɗaga lamba. Wanda ya sauko daga babur ko ya tako da ƙafa cikin rana ya zauna ya huta minti biyar. A jingina baya, a ajiye tafin ƙafa biyu a ƙasa, a ɗora hannu a tebur daidai ƙirji, a yi shiru har a gama. Lambobi biyu za a faɗa. Wajen 120 bisa 80 shi ne na mai lafiya. In ya kai 140 bisa 90 ko ya wuce, za a ce a dawo wata rana a sake, domin ba a yanke hukunci da awon rana ɗaya sai in lambar ta yi tsanani ƙwarai. Kada mu yarda da "ba kome" kurum. Mu ce, "Sista, don Allah nawa ne? Ki rubuta mini."

Suga kuma, in an auna mutum bai karya ba aka sami 126 ko fiye, a wani ma'aunin kuma 7.0, alama ce ta ciwon suga, za a maimaita a tabbatar. In fitsari aka nema, a karɓi kwalbar asibiti, ba ta man shafawa da aka ɗauraye a gida ba. A wanke gaba, a bar na farko ya zuba, a tari na tsakiya. In za a yi hoton ciki, wato sikanin, a tambaya ko da yunwa za a zo, ko kuwa ruwa za a sha a riƙe fitsari, gama ya danganta da inda za a duba.

Mai zuwa awon ido ya tafi da tabaransa. Wani lokaci akan ɗiga magani domin ƙwayar ido ta buɗe, sai gani ya yi dishi-dishi na 'yan awoyi, saboda haka kada ya yi niyyar tuƙa mota ko babur zuwa gida. Daga shekara 40 ya kamata a auna ƙarfin ruwan ido, balle in akwai wanda ya makance a dangi. Asibitin Ido na ECWA a Kano yana wannan aiki tun 1943, akwai kuma Cibiyar Ido ta Ƙasa a Kaduna, da sassan ido a manyan asibitocin koyarwa na Jos, da Zariya, da Kano, da Maiduguri.

Na mata, na maza, da na masu shirin aure

'Yan'uwa mata su riƙe ranar da suka ga al'adarsu ta ƙarshe, domin za a tambaya. Wadda take zaton tana da ciki ta faɗa kafin a ɗauki hoton ƙirji. Gwajin fitsari da na bakin mahaifa an fi so a yi su bayan al'ada ta ɗauke. Kwana biyu kafin gwajin bakin mahaifa a dakata da kwanciyar aure, kada kuma a yi matsi ko a cusa wani magani. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara mace ta fara wannan gwaji daga shekara 30, mai ɗauke da ƙwayar HIV kuwa daga 25. Ciwon dajin bakin mahaifa yana ɗaukar shekaru kafin ya kafu, in an ga alamarsa da wuri akan kashe shi nan take. Tun Oktoba 2023 Nijeriya ta fara yi wa 'yan mata masu shekara 9 zuwa 14 allurar rigakafin ƙwayar da take kawo shi. Wadda take jin kunyar likita namiji tana da iko ta roƙi a haɗa ta da mace, ko nas ta tsaya a ɗakin. Ƙullutu a nono kuma, ko ba ya zafi, a nuna shi.

Maza da suka kai shekara 45 zuwa 50 su faɗa in suna tashi fitsari sau da yawa da dare, ko fitsarin ba ya fita da ƙarfi. Akwai wani ƙullutu a ƙarƙashin mafitsarar namiji wanda yakan kumbura da shekaru, wani lokaci kuma ciwon daji yakan kama shi. Likita zai bayyana amfanin gwajinsa da iyakarsa.

Masu shirin aure sun san ikilisiyoyi da yawa suna neman takardar gwajin jini. Laifinmu shi ne mukan bari sai an kai kaya, an ɗinka anko, an buga katin gayyata. Tun ran gini ran zane. In saurayi AS ne, budurwa ma AS, kowane ciki da za ta ɗauka yana da kashi ɗaya cikin huɗu na zuwa da sikila. Ba wai ɗa ɗaya cikin 'ya'ya huɗu ba, kowane ciki da nasa lissafin. A yi gwajin tun magana ba ta yi nisa ba, a wuri amintacce, in da shakka a maimaita a wani wurin. A haɗa da gwajin HIV da na ciwon hanta. In ɗaya yana da ciwon hanta, ɗayan yana iya yin allurar rigakafi, jariri kuma a yi masa tasa cikin awa 24 da haihuwa. Sai a 2004 aka sa allurar nan cikin rigakafin yara a Nijeriya, watau yawancin waɗanda aka haifa kafin nan ba su samu ba. Cin abinci a kwano ɗaya ko gaisawa ba ya sa a ɗauki ciwon nan, kada a ware kowa.

Gaskiya a gaban likita

Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. In an tambaye mu giya, ko taba, ko abin da ya shafi shimfiɗa, mu faɗi gaskiya. Ba gaban dattawan ikilisiya muke ba, aikin likita kuwa ya ɗaure shi ya riƙe asiri. In ɗan rakiya zai hana mu sakin baki, a ce ya ɗan jira a waje. Tarin da ya kai mako biyu a ambace shi, gama gwajin tarin fuka da maganinsa kyauta ne a cibiyoyin gwamnati. In Turanci ya yi yawa, ba abin kunya ba ne a ce, "Likita, ban gane ba, a yi mini da Hausa."

Mu yi hankali da abu biyu. Na ɗaya, masu yawo da kwamfuta a kasuwa, har da harabar majami'a, su ce ka riƙe wani ƙarfe minti ɗaya su karanto maka cuta goma, sa'an nan su fito da maganin sayarwa. Babu na'urar da take ganin hanta da ƙoda ta tafin hannu. Na biyu, sayen takardar shaidar lafiya ba tare da an duba mutum ba. A makarantu mukan karɓi irin takardun nan kowace shekara, da hatimi da sa hannu, a ce yaro lafiyarsa ƙalau. Sai an shiga aji a ga ba ya ganin allo, ko ya faɗi a filin wasa, sa'an nan a ji yana da sikila ko asma. Da an sani, da an sa shi a bencin gaba, da an ɗauke masa aikin da ya fi ƙarfinsa.

A koma a karɓo sakamako

A ɗakunan gwaji akwai takardu jibge waɗanda masu su suka biya kuɗi, aka ɗebi jininsu, ba su dawo ba. Wani tsoro ne ya hana shi, wani kuma ya ce tun da ba a neme shi ba ai lafiya ce. Wanda ya yi haka ya yi noma ya bar amfanin a gona. Kafin mu bar asibiti mu tambayi ranar da sakamako zai fito. In mun karɓa mu kai wa likitan da ya rubuta gwajin, ba mai kemis ko maƙwabci ba. Mu yi masa tambaya uku: me aka gani, me zan yi, yaushe zan dawo?

In an ce hawan jini ne, maganinsa ba irin na zazzaɓi ba ne da ake sha kwana uku a ajiye. Ana sha ne kullum, ko jiki yana daɗi, sai likita ne zai canja shi. Uwargida kuma tana da babban aiki a nan, gama gishirin da ya kamata babba ya ci a yini bai kai giram 5 ba, wajen ƙaramin cokalin shayi ɗaya, kuma dunƙulen ɗanɗano da kanwa duk cikin lissafin suke. In kuwa an ce kome lafiya, sai mu gode wa Allah, mu adana takardar. Wanda ya kai shekara 40 ya riƙa auna jininsa aƙalla sau ɗaya a shekara. Suga kuma daga shekara 35, in ya fito daidai a sake bayan shekara uku, sai in akwai ƙiba ko gadon ciwon a gida, sa'an nan a matso da shi kusa.

Shawararmu ita ce kowane gida ya tsai da lokaci guda a shekara. Bayan an kai amfanin gona gida ya fi, lokacin da akwai ɗan kuɗi a hannu, kafin hidimar Kirsimeti ta cinye shi. Maigida da uwargida su tafi tare, su ɗauki Baba ko Mama in suna kusa. A sayi ƙaramin littafi irin na 'yan makaranta, a ba kowa shafinsa, a rubuta kwanan wata, da lambar jini, da ta suga, da nauyi. A ajiye shi inda ake ajiye takardun haihuwar yara, baɗi war haka a ɗauko shi a tafi da shi.